Ruwan Turai a Lazare

Kwanan baya wani saurayi ya kawo mini wayarsa in canza mata gilashi. Yana jira yana ta danne-danne a wayar abokinsa, wani ɗan mutum yana tsalle a ciki, sai na ce masa ni ma na ci tuwo da irin wasan nan shekara da shekaru. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Haba Kawu Lawali, wannan ai ba sana'a ba ce. Ka kunna tele, ka miƙe ƙafa, yara su yi ta kawo kuɗi." Na yi dariya har sai da na ajiye turnabis, abin kwance noti. To ku da kuke ganin haka, ku gyara zama. Ɗakin wasa na riƙe a unguwar Lazare, kuma akwai shekarar da ya sa na roƙi ruwan sama fiye da kowane manomi, alhali ko taki ɗaya na gona ba ni da shi.

Daga Maraɗi na zo Yamai, aka damƙa ni hannun wani mai gyaran rediyo da tele a Kalle, bayan Babbar Kasuwa. Sunansa Sumaila, amma mu masu koyon aiki ba mu isa mu faɗa ba, Patoro muke ce masa, wato maigida. Aikin farko da ya ba ni shi ne shinshina. Duk abin da aka kawo gyara, kafin a kwance komai sai ya tura mini shi gaban hanci ya ce, "Mi ya ƙone?" Na ɗauka wulaƙanci ne. Ashe warin roba daban, warin waya daban, warin ƙadangaren da ya shiga tele ya mutu kuwa ko maƙwabci ya san shi. Darasi na biyu bai faɗa da baki ba. Ya zuba mini ido na sa hannu a bayan wata tele da aka zare daga wuta tun safe, ta watsar da ni har kan buhun gawayin mai shayi. Na tashi ina karkaɗe riga, ya ce, "Yanzu ka san tele ba ta hucewa da wuri." Ban sake mantawa ba.

Injin wasa na farko a shagon Patoro na gan shi. Wani kuku da ke aiki gidan Anasara a unguwar Filato ne ya kawo shi cikin kwali. Maigidansa ya koma ƙasarsu ya bar masa, ga shi ba ya kamawa. Baƙin akwati ne kamar burodi biyu a jere, da abin riƙewa guda biyu masu igiya waɗanda ake kira manet, da kaset-kaset na wasa da ake cusawa ta sama. Patoro ya juya shi gaba da baya ya ce kayan yara ne, shi ba ya ɓata dalmarsa a kai. Na roƙa ya bar mini. Da na buɗe, ƙafa ɗaya ce ta saki a inda wuta ke shiga. Na ɗiga mata dalma, na jona da wata tsohuwar tele, sai ga kiɗa ya tashi. Kafin la'asar 'yan kallo sun toshe ƙofa, masu rediyo sun rasa hanyar shigowa. Kukun ya tuna ko tele ba shi da ita a gida, muka daidaita, injin ya zama nawa. Ranar da Patoro ya sallame ni, da shi na fita a hammata.

Shago na samu kusa da kasuwar Lazare, ɗaki ɗaya mai rufin kwano a jikin gidan Hajiya Hamsatu. Hajiya Bazabarma ce haifaffiyar Yamai, kayan miya take sayarwa, Hausarta ta kasuwa ce, mai kaifi. Ranar da ta ba ni makulli ta leƙa ta ga tele da benci biyu, ta ce, "Kai ɗan Maraɗi, ni ban gane wanga aiki naka ba. Amma in na ji ashar ko na ga taba, waje." Na ce na ji na yarda.

Gyaran manet shi ne rabin sana'ar, kuma ku da kuke shafa gilashi da yatsa ba ku san shi ba. Mutum in ya ga ɗan mutuminsa zai faɗa rami ba danna maɓalli yake yi ba, murƙushe shi yake yi, har da cije leɓe, kamar ƙarfin yatsa ne zai tsallakar da shi. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba mai baƙin baki, ita ke taɓawa a yi tsallen, ita ce kuma ke fara cinyewa. Sabuwa babu ita ko ka zagaye Yamai. In ta fara gajiya sai in goga mata bakin fensir, in ta mutu ɗungum in yanko wata daga tsohon kalkuleta in liƙa. Igiya kullum a wuya take karyewa, don masu wasa da jikinsu suke bin tsallen, su fizge ta ba su sani ba. Kaset in ta ƙi kamawa kowa sai ya ce a hura mata iska da baki. Ni na hana, yawu ke sa ta tsatsa, auduga da alkol, ruwan goge ciwo na farmasi, nake sa mata. Taransufo kuwa, ɗan akwatin da ke rage wa injin ƙarfin wuta, zafin bazara ya fi ƙarfinsa. A kan murfin randa nake ɗora shi da jiƙaƙƙen tsumma a ƙarƙashi, mai son shan ruwa sai ya ɗaga shi da ladabi ya mayar.

Dokar ɗakin ɗaya ce: wanda ya mutu ya miƙa. In ɗan mutuminka ya faɗi, manet ta wuce hannun na kusa da kai a benci, ko kai ɗan wane ne. Kada ku ɗauka yara kaɗai ke zuwa. Telan da shagonsa ke kallon nawa yakan bar ɗinkin mutane ya tsallako, direbobin takisi suna zuwa da tsakar rana in fasinja ya ɗauke ƙafa. Mutum ɗaya ne dokar ba ta hau kansa ba, wani kaporal na soja da ke haya a bayan kasuwa. Lokacin soja ke riƙe da ƙasa, shi kuma da kakinsa yake shigowa. In ya faɗa rami sai ɗaki ya yi tsit, kowa ya dubi rufi. Ya ce, "Manet ɗin ce." In ce, "Ita ce, shef, tun safe take haka." Duk zamana a shagon nan kaporal bai taɓa mutuwa ba.

Kaset ɗaya ce ta riƙe shagon. Wasan wani ɗan mutum ne mai gudu da tsalle daga hagu zuwa dama, ana bi mataki-mataki. Matakin farko hamada ne, wannan mutanena ido rufe suke wuce shi, suna cewa ai gida ne. Sai daji, sai cikin wani kogo mai duhu. Wanda ya tsallake waɗannan duka sai ya faɗo wani birni, mu dai Turai muke ce masa. Tituna shimfiɗe da duwatsu, dogayen gidaje masu jan rufi mai tsini sun jeru kafaɗa da kafaɗa, fitilu a kan sanduna, gada a kan ruwa da 'yan jirage suna wucewa ta ƙarƙashi, can ƙarshe kuma hasumiya mai agogo. Ana tsalle daga rumfar shago zuwa igiyar shanya, daga igiya zuwa rufi. Kuma ruwan sama ake yi a garin nan, ba dare ba rana, ba ya tsayawa. Rufin santsi ne da shi, in ka tsaya tunani ka zame. Ga tsawa: sai an ji rugugi tukuna, sannan ta faɗo daidai inda kake tsaye. Saboda haka da kunne ake wasan Turai, ido kaɗai ba ya isa.

Injin kuma ba ya ajiye inda ka tsaya, ba irin wayoyinku ba. A ɗauke wuta kana bakin hasumiya, in an dawo da ita kana hamada. Na ga ƙaton direba ya dafe kai kamar an ce masa motarsa ta faɗa kogi. Ni ake dubawa a irin wannan lokaci, kamar ni ke da kamfanin wuta, sai in fito da butar shayi in hura gawayi don kada benci ya watse kafin ta dawo. Wannan ma cikin aikin yake, kuma ba wanda ya koya mini shi.

Wanda ya fi kowa isa Turai shi ne Mushe Abdu (mushe kuwa malam ke nan da Faransanci), akawu a wata ma'aikata a Filato. Lokacin albashi yana yi wa ma'aikata nisa, shi ma sai ya yi wa ofis nisa, ya tashi da wuri ya zo ya cire kwat ya rataye a ƙusa. Iyakar tafiyarsa a duniya Gaya ce, nan bakin iyakar ƙasarmu, amma shi ke yi mana bayanin birnin. "Wagga gada irin ta Italiya ce," in ji shi, "rufin kuma na Beljik." Tela ya ce, "Mushe, yaushe ka je?" Ya ce, "Ana karatu, malam." In ya kusa fita daga kogo sai a leƙa waje a ce Mushe ya samu biza, ɗaki ya cika har ƙofa.

Shekarar da nake ba ku labari, damanar da ta wuce ba ta yi ba, wadda ake jira kuma ta ƙi zuwa. Hatsi ya yi tsada, mutanen ƙauye suka cika Yamai, kowane gida da baƙinsa. Gidan Hajiya ya cika da danginta daga wajen Wallam, cikinsu har da yayanta, Baba Hamani, wani dogon tsoho marar magana. Ya baro gonarsa ya zo da ɗan ƙullin irin gero da ya hana kowa taɓawa, ko ranar da tukunya ba ta hau wuta ba. Kullum yana bakin zaure a kan buzu yana kallon gabas. Ni kuwa ciniki ya ja baya amma ana lallaɓawa, don marar aikin yi ma yana neman inda zai yini.

Lasifikar telen ce ta fara shaƙewa. Rugugin tsawa ya koma kamar tarin akuya, Mushe Abdu ya daina jin sa, tsawa ta yi ta kashe shi a kan rufi ɗaya. Ya ce in ban gyara ba zai koma dara a gindin bishiya. Na san in Mushe ya tafi rabin benci ya tafi. Na je Kalle na samo wani ƙaton bafil, irin lasifikar da masu kiɗan biki ke ɗorawa a kan kujera. Na ja waya daga bayan tele, na haɗa masa abin ƙara ƙarfi da hannuna, na rasa wurin ajiye shi a ƙasa sai na ɗaure shi sama a jikin katakon rufi, bakinsa yana kallon kwano. Aiki ne mai kyau, har gobe ina faɗa. Na gwada shi da kiɗan hamada ya yi daɗi. Turai ce ban gwada ba, don ni da ke gyaran injin ban taɓa iya wuce kogo ba.

Washegari da safe aka fita roƙon ruwa, unguwa duka. Na je, na dawo na buɗe shago. Bayan azahar hadari ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta tsaya cak. Unguwa ta yi shiru, kowa yana satar kallon sama, yana tsoron ya yi magana ya kore shi. Mu kuwa muna ciki mun rufe taga saboda hasken tele, ba mu san me gari ke ciki ba. Mushe Abdu ya fito daga kogo ya faɗo Turai.

Jama'a, ni da na haɗa wayar sai da na duƙa. Ruwan wasan nan ya fito ta bafil ya bugi kwano, kwano ya amsa, ya zama ruwa sak, irin mai manyan ɗigo da ke fara dukan rufi. Sai rugugi ya biyo baya, har benci yana rawa. Mushe ya ce, "Yawwa! Yanzu ina ji!" ya yi tsalle ya kauce wa tsawa, mu kuma muka ɗauki ihu. Ashe ihun da ake yi a waje ya fi namu. Mata sun fito da bahuna da bokitai suna jerawa ƙarƙashin indararo, masu shanya suna kwashewa, 'yan kasuwa suna jan leda a kan kaya, wata tana rangaɗa guɗa. Tela ne ya leƙa ya dawo da gudu ya ce, "Lawali, kashe! Kashe, ka jawo muna!"

Na fito na tarar da layinmu a tsaye, kowa da roba a hannu, fuska a sama, ƙasa kuwa a bushe ƙamas. Hadarin ma ya fara watsewa. Wasu suka fashe da dariya, wasu suka fara zagi. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne Baba Hamani. Yana tsakiyar hanya ba takalmi, ƙullin irinsa a hannu ɗaya, ɗaya hannun a buɗe yana jiran ɗigo, yana ta faɗin "Hari kaa, hari kaa," wato ruwa ya zo, da Zabarmanci. Wani ya matsa ya yi masa bayani a kunne, ya nuna shagona. Tsohon ya dube ni, ya juya ya koma zaure. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, na gwammace ya zage ni.

Hajiya ce ta yi zagin a madadinsa. "Kai ɗan Maraɗi! Mutane na kuka ga Allah, kai kana da naka ruwa cikin akwati?" Na ce, "Hajiya, wallahi wasa ne, wani garin Turai ne a ciki." Ta ce, "To tahi Turai ka buɗe shago." Ta sa aka fito da kowa, har Mushe da kwat ɗinsa a hannu, ta kawo kwaɗonta ta datse ƙofar, da tele da inji da bafil duk a ciki, ta ɗaure makullin a bakin zane. Mai unguwa ya zo, liman ya sa baki. Na ɗauko kaporal ma ko kaki zai yi aiki, ta dube shi ta ce soja sun karɓi gwamnati, ba su karɓi gidanta ba. Iyakar sassaucin da aka samu, ta ce ranar da ruwan Allah ya sauka a Lazare za ta buɗe, in bai sauka ba kayan su yi ta zama.

Daga ranar na zama manomi. Na kafa ɗan tebur a gindin bedi gaban shagon ina gyaran rediyo da tocila, aikin da ba ya kai ni ko'ina, don mai neman hatsi ba ya ta rediyo. Abincina ya koma sau ɗaya a yini, gari da ƙuli. Ga kayana can a kulle cikin zafi, ina zaune ina tunanin roba tana narkewa, ɓera yana cin igiya. Na koyi kallon gabas. Na koyi bambanta hadarin da ke ɗauke da ruwa da na iska kawai. Duk roƙon ruwan da aka fita ina sahun gaba, har liman ya fara yi mini murmushi. Mushe Abdu yakan biyo da yamma ya ce, "Yaya labarin biza?" In ce ofishin a rufe yake. Baba Hamani kuwa ya daina zama a bakin zaure, ya koma can ciki inda ba a ganin sama. In na gaishe shi yakan amsa, amma ba ya ɗagowa.

Makonni aka yi a haka. Ran nan bayan la'asar hadari ya taso, irin wanda muka saba gani yana wucewa, ko tebur ban kwashe ba. Sai rugugi, mai nauyi, daga nesa. Ba wanda ya motsa a layinmu. Matar da ke suyar ƙosai ta dubi shagona, ta dube ni. Sai ga Hajiya, a zatonta bafil ne, ta fito fuu da muciya a hannu tana cewa, "Ya ɓalle mini ƙofa! Wallahi yau sai ya bar unguwar ga!" Ta iso ta ga kwaɗonta yana nan a datse, ga ni zaune da rediyon wani a cinya. Muka dubi juna. Ɗigon farko a kan muciyar ya faɗi, na biyu a goshinta.

Kafin ka ce me ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Unguwa ta fashe, bahuna, bokitai, guɗa, yara suna tsalle a cikin kwata. Hajiya tana tsaye tana jiƙewa tana dariya, ta kwance bakin zane ta jefo mini makulli ya faɗa cikin taɓo. Na ɗauka na nufi ƙofar shago. Sai na lura kowa na gidan ya fito ban da mutum ɗaya.

Na shiga zaure ina ɗigar ruwa. Baba Hamani yana zaune a lungu ya juya wa ƙofa baya, kwano yana ta ƙara a kansa. An kira shi an kira shi ya ƙi fitowa. Na durƙusa na ce, "Baba, ruwa ne." Bai juyo ba, ya ce, "Na taɓa jin irinshi." Na ce, "Wallahi Baba wanga ba nawa ba ne. Ga makulli, ko buɗewa ban yi ba." Sai na kama hannunsa na ɗora a kan rigata, na matse ta, ruwa ya bi yatsunsa har gwiwar hannu. Ya daɗe yana murza yatsun nan. Can ya ce, "Gobe akwai motar Wallam?" Na ce akwai, ni zan kai shi tasha. Ya ce, "To kama ni in tashi."

Na kama shi muka fita, muka tsaya a tsakiyar hanya har ruwan ya ɗauke. Shagon sai washegari na buɗe shi, bayan na dawo daga tasha.